Wai me ake ji a albam ɗin Funeral na Arcade Fire ne?

sabon_shiga:

Salam jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kar a min dariya, ban jima da fara sauraron irin wannan kiɗan na indi rok ba. Wani abokina ne ya ishe ni, kullum muka haɗu sai ya ce wai har yanzu ban ji albam ɗin Funeral na ƙungiyar mawaƙan Arcade Fire ba? in ban ji shi ba ban ji komai ba. To jiya da daddare na ce bari dai in huta da surutunsa, na sa iyafis na kwanta na ji shi tun daga farko har ƙarshe, waƙa goma ne, wajen minti 48.

Gaskiya ban gane ba. Shi mai waƙar muryarsa rawa take kaman wanda sanyi ya kama, in ya ɗaga ta sai ka ji ta tsage, ita kuma macen tata muryar siririya can sama kaman ta yarinya, ga kayan kiɗa rututu, jita, goge, akodiyan, fiyano, ganga, duk a cakuɗe kaman an kulle mutum goma a ɗaki ɗaya an ce kowa ya daki abin da ya samu. Ni na saba da waƙar da aka wanke tas, komai a wurinsa.

Amma ga abin haushin, yau da safe ina goge baki sai na tsinci kaina ina bin amshin nan na waƙar Wake Up, wanda ko kalma ɗaya babu a cikinsa, ihu ne zalla. To shi ne na ce bari in tambayi manya. Da gangan suka bar sautin a hargitse haka ko kuɗi ne babu? Kuma wannan yabon da ake masa, da gaske ya cancanta ko dai 'yan sharhi ne suka hura shi kowa ya bi?

mai_faifai:

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ba mai maka dariya, ni kaina ranar da na fara ji a waƙa ta biyu na kashe, sai bayan kusan wata guda na koma.

Tambayarka ta farko, amsar ita ce duka biyun. Kuɗi kam babu. Lokacin ba kowa ya san su ba, matasa ne a Montreal ta Kanada suna wasa a ƙananan wurare. Shi Win Butler ɗin da kake cewa muryarsa na tsagewa ɗan Amurka ne, a kusa da Houston ta Texas ya tashi, karatu ya kawo shi jami'ar McGill, a garin ya haɗu da Régine Chassagne, ita ce macen da ka ji, suka yi aure a 2003. Akwai ƙaninsa Will, akwai Richard Reed Parry da Tim Kingsbury, sai masu goge irin su Sarah Neufeld da Owen Pallett. A watan Agusta 2003 suka shiga wani situdiyo da ake kira Hotel2Tango a unguwar Mile End suka yi kaman sati ɗaya, sauran aikin suka ƙarasa daga baya cikin hunturu, kaɗan kaɗan. Ba otal ba ne fa, lambar gidan waya ta unguwar ce take farawa da H2T, shi ne aka karanta ta irin yadda matuƙan jirgi da sojoji ke kiran haruffa a rediyo, ya zama suna. Wurin na mutanen wata ƙungiyar makaɗa ce mai suna Godspeed You! Black Emperor da abokinsu Howard Bilerman, kuma shi Bilerman ɗin shi ya ɗauki sautin shi ya buga ganga a albam ɗin, ka ga ai wannan kaɗai ya isa ya gaya maka yanayin aljihun. Abin da aka fi faɗa shi ne duka aikin wajen dala dubu 10 ya ci, kuɗin da manyan kamfanoni ke kashewa a kwana biyu uku ba su ma san sun fita ba.

Sunan kuwa, jana'iza kenan, kuma ba don burgewa suka sa ba. Cikin ƙasa da shekara ɗaya a wannan tsakanin suka yi rashi uku, kakar Régine a Yuni 2003, kakan su Win da Will a Fabrairu 2004, sai gwaggon Richard a Afrilu. Shi kakan nasu ma ba ƙaramin mutum ba ne, Alvino Rey, tsohon makaɗi tun zamanin suwin, yana cikin waɗanda suka fara raya jitar nan ta kwance mai feda, ya rasu yana da shekara 95. Amma kar ka ɗauka waƙoƙin duk na makoki ne, ni a nawa kunnen yawanci labarin yara ne da manya suka bari su kaɗai. Huɗu daga ciki sunansu ɗaya, Neighborhood, wato unguwa, an dai sa musu lamba ɗaya zuwa huɗu. Ta ukun, ta ɗauke wuta, daga bala'in ƙanƙarar Janairu 1998 ta samo asali, lokacin da ruwa ya riƙa sauka yana daskarewa a kan wayoyin lantarki har manyan turakun ƙarfe suka durƙushe, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu da sanyi, wasu har makonni. In ka san wannan ka koma ka ji yadda gangar ke gudu a waƙar za ka ji ta daban.

Merge Records ne suka fitar da shi ran 14 ga Satumba 2004, ƙaramin kamfani a North Carolina wanda mawaƙan Superchunk biyu suka kafa a 1989. A Birtaniya sai Fabrairu 2005 ya fita ta hannun kamfanin Rough Trade. Tambayarka ta biyu kuwa zan bar wa wani, na san akwai wanda bakinsa ke ƙaiƙayi yanzu haka.

ba_na_bin_yayi:

Hhhh Yaya mai_faifai ai ka san ni kake nufi. To ga ni.

Sabon_shiga ka riƙe abin da kunnenka ya gaya maka da farko, kar su ruɗe ka. Ni ban ce albam ɗin banza ne ba, akwai waƙa uku huɗu masu kyau a ciki, amma abin da ya mayar da shi abin da ya zama ba a situdiyo aka yi shi ba, a Pitchfork aka yi, shafin intanet ɗin nan na sharhin waƙoƙi. Lamba ɗaya tak suka ba shi, 9.7 cikin 10. Ku da kuka taso kuka tarar da Spotify ba za ku gane ƙarfin wannan lambar ba, a 2004 ko YouTube babu, in kana son sanin me za ka saya da ɗan kuɗinka sai dai ka buɗe shafin da safe ka ga me suka ce. Sharhin na fita oda ta yi wa Merge yawa har faifan suka ƙare musu, aka yi kwanaki ana nema babu. Ƙarshen shekara kuma Pitchfork ɗin dai suka ce shi ne albam na ɗaya a 2004, wato su suka yi kiɗan su suka yi rawar.

In kana son ka ga ɗaya gefen wuƙar, a cikin wannan watan na Satumba 2004 ɗin dai suka ba Travis Morrison, tsohon mawaƙin The Dismemberment Plan wanda su da kansu suke yabo a da, 0.0 a kan albam ɗinsa Travistan. Sifili. Aka riƙa ba da labarin yadda gidajen rediyon jami'o'i suka ajiye faifan, mutum ya daɗe bai farfaɗo ba. To ka gaya min, tsakanin albam biyu na mutanen da duk sun iya aikinsu akwai tazarar 9.7 da sifili? Ra'ayin mutum ɗaya ne fa ya zauna ya rubuta, sai dubban mutane su haddace su riƙa maimaitawa kaman nasu.

Sannan labarin mutuwar nan, Allah ya jiƙan na jiƙa, amma ya taimaka wa tallan ƙwarai. Wa zai iya buɗe baki ya kushe faifan da aka ce an yi shi cikin makoki? Kowane ɗan jarida da shi yake buɗe rubutunsa.

Kuma abin da na fi riƙe musu, su suka buɗe ƙofar wannan salon na taron mutane su daki ƙasa su tafa su yi ooo tare, wanda bayan shekara biyar shida ya cika ko'ina har tallan mota da na banki. Na ji shi har ya gundure ni. Ga ma hujja, a jerin albam 500 mafiya kyau na mujallar Rolling Stone na 2012 yana lamba 151, da suka sake jerin a 2020 ya koma 500 cif, na ƙarshe, saura ƙiris ya faɗo waje. Zazzaɓin ya sauka kenan.

ɗan_situdiyo:

Malam ba_na_bin_yayi zan bar ku da rigimar Pitchfork, ni maganar sautin zan yi don ita ce sana'ata.

Sabon_shiga abin da kake kira hargitsi yana da dalili. A kan tef aka ɗauke shi, ba kai tsaye cikin kwamfuta ba. Tef layukansa ƙidayayyu ne, 16 ko 24, ba irin yanzu da zan buɗe layi ɗari in ga dama ba, to in mutanenka sun fi layukan yawa dole wasu kayan su hau layi ɗaya, kuma da zarar sun hau shikenan sun auru, ba ka raba su wajen miksin. Gyara kuma ba latsa maɓalli ba ne, ko a sake ɗauka ko a sa reza a yanka tef ɗin a liƙa. Tef ɗin kansa tsada gare shi, lokacin situdiyo ma kuɗi ne, saboda haka in aka samu ɗaukar da ke da rai ana barinta ko da akwai ɗan kuskure a ciki. Sannan in mutane suna bugawa tare a ɗaki ɗaya, makirfon fiyano yana jin ganga, na goge yana jin jita, komai na shiga cikin komai, shi ne wannan cakuɗewar da ka ji. Wani abin kuma, in ka tura wa tef sauti da ƙarfi ba ya fashewa kau kaman na kwamfuta, danne shi yake ya yi kauri, shi ya sa wuraren da suke ihu gaba ɗaya suke yi kaman bango ya taso maka amma ba sa soke kunne.

Maganar murya kuma, Auto-Tune, manhajar gyara murya, ya fito tun 1997, da suna so da sun kai aikin inda za a miƙe ta. Ba su so ba. Bari in ba ka labarin abin da ya faru da ni, wani yaro ya zo ya ɗauki waƙa a wurina, a baiti na ƙarshe muryarsa ta karye daidai kan wata kalma, ya ɗan shaƙe ya ci gaba. Ni da iyayi na ce bari in masa gwaninta, na kwana ina jan layin nan a allo har ya miƙe sambal, na goge numfashin, na share komai. Da safe ya zo na kunna masa, ya yi shiru har ta ƙare, sai ya ce Oga ina waƙar tawa? Na kunna tsohuwar muka ji tare, wallahi kunya ta kama ni, don gyararriyar ba ta da laifi ko ɗaya amma kaman gawa aka yi wa kwalliya. Tun daga ranar nake tambaya kafin in taɓa murya.

Amma kar in yi son kai, akwai inda nake ganin talauci ne kawai ba fasaha ba. Ƙasan sautin bai da nauyi sosai, bes ɗin wani wurin ɓacewa yake, in ka ji shi a ƙaramar sifika gogen da jita suna cin junansu. Su ma ai da suka samu kuɗi ba su tsaya nan ba, tsohon coci suka saya a Farnham cikin Quebec suka mayar situdiyo, a nan suka yi yawancin albam ɗinsu na biyu, Neon Bible na 2007, wanda ake jin ƙatuwar ogan mai bututu a cikinsa. Sautin ya fi girma nesa ba kusa ba, ni dai na farkon nake komawa.

Gwada wannan, ka sa waƙar farko ka bi gangar kawai ka manta da sauran. Za ka ji yadda take shigowa a hankali tana matsa waƙar gaba, kafin ka ankara abin da ya fara kaman tafiya ya koma gudu. Crown of Love ma haka, tana tafe a hankali kaman ta makoki, can wajen ƙarshe sai ta juye ta zama kiɗan disko ba sallama.

uwar_biyu:

Ku duk kuna ta maganar Win da lambobi, ba wanda ya tsaya kan Régine, alhali waƙoƙi biyun da ta ja su ne suka riƙe ni. Iyayenta 'yan Haiti ne, sun gudo Kanada zamanin mulkin kama-karya na Duvalier, kuma waƙar da ta sa wa sunan ƙasar tana haɗa Faransanci da Turanci, kiɗan mai daɗi kaman na rawa amma abin da take faɗa kaburbura ne da dangin da ba a haifa ba saboda an kashe masu haifarsu. In ba ka jin Faransanci sai ka yi ta kaɗa kai ba ka san me ake cewa ba.

Sai ta ƙarshe, In the Backseat. Ƙanina wannan muryar da ka ce ta yarinya, ai shi ne maganar gaba ɗaya. Mutum ne a kujerar baya ta mota, ba ruwansa da tuƙi ba ruwansa da hanya, yana kallon waje har barci ya ɗauke shi don akwai babba a gaba. Sai wata rana babban babu, dole kai ka koma gaba. Ni shekaru ina jin albam ɗin ina tsallake ta, tana min tsawo, ta wuce minti shida. Bayan rasuwar mahaifiyata da 'yan watanni ina tuƙi, yarana biyu a baya duk sun yi barci, ƙaramin ya jingina kansa da gilashi bakinsa a buɗe, sai waƙar ta shigo da kanta. Na kalli madubi na gan su, sai da na gangara gefen titi na tsaya. Ban san minti nawa na yi ba.

Don haka Malam ba_na_bin_yayi, na yarda Pitchfork ne suka sa na san da albam ɗin, ko su ko wanda ya ji daga wurinsu. Amma ba su suka tsayar min da mota ba.

ba_na_bin_yayi:

Allah ya jiƙan Mama, Anti. Wannan kam ba ni da ta cewa, kuma waccan waƙar tana cikin uku huɗun da na ce. Ni dai maganata a ranar akwai wasu faifan ashirin masu kyau irin wannan da ba wanda ya ba su 9.7, yau ko sunansu ba a sani ba.

mai_faifai:

Amin. Wannan maganar taka ta ƙarshe gaskiya ce ban musa ba, sa'a ta yi aiki. Amma ka bar rabin labarin. Pitchfork ɗin ai sun hura wasu bayan su, Clap Your Hands Say Yeah sun samu 9.0 a 2005 da faifan da suka buga da kansu ba kamfani, aka yi ta hayaniya, yau mutum nawa ke kunna shi? Lamba tana kawo mutane bakin ƙofa ne, ba ta zaunar da su.

Abin da ya zaunar da mutane wasansu ne a dandamali. Ka nemi bidiyonsu na 2005 ka gani, kowa na canza kayan kiɗa tsakanin waƙa da waƙa, Will da Richard suna dukan hular kwano da sandunan ganga, suna dukan juna ma, kowa yana waƙa ko da makirfo a gabansa ko babu. Shahararren mawaƙin nan David Bowie da kansa ya hau dandamali ya yi Wake Up tare da su a New York a Satumba 2005, ƙungiyar U2 kuma ita suke sakewa kafin su fito a rangadinsu na wannan lokacin. Waɗannan ba sa jiran wani shafi ya gaya musu abin da za su so. Albam ɗin shi ne na farko da Merge suka taɓa shigarwa jerin Billboard 200 na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, ya shiga takarar Grammy a 2006 The White Stripes suka kayar da shi, kuma bai yi irin tashin Arctic Monkeys ba da suka sayar da sama da dubu 360 a satin farko a Birtaniya a 2006, shi a hankali ya yi ta tafiya, sai 2011 ya cika rabin miliyan a Amurka. Shekara bakwai ana saye, yayi ba ya kai haka.

A 2011 ɗin ne kuma albam ɗinsu na uku The Suburbs ya ci babbar Grammy ta albam ɗin shekara a gaban Eminem da Lady Gaga da Katy Perry, har yanzu suna Merge, mutane suka cika Twitter suna tambayar wai su waye waɗannan. Na yi dariya ranar har da hawaye.

Maganar masu kwaikwayo kuwa, haba Malam, don wasu sun kwashi ihun sun bar abin da ya jawo ihun, laifin na farkon ne?

sabon_shiga:

Kai, na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zan samu wannan duka ba. Anti Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta.

Na sake ji ɗazu, na bi gangar kaman yadda Oga ɗan_situdiyo ya ce, kuma eh na ji gudun, har na tsorata da ban lura jiya ba. Ta ɗauke wutar ma ta shige ni yanzu. Muryar Win dai har yanzu muna ɗan rigima da ita, musamman a ta biyun nan mai sunan karyar da Rasha ta harba sararin samaniya a 1957, Laika, can kam ihu yake min a kunne. Ta ƙarshen ban kai gare ta ba, na tsaya a ta tara na maimaita ta sau uku.

Abokin nawa ban gaya masa ba tukuna, don na san in ya ji ba zan sake shan iska ba. Yaya mai_faifai in na gama da wannan, Neon Bible zan shiga ko in tsallaka The Suburbs kai tsaye?